Tebur a Bakin Ƙofar Gaggawa

Zuwa ga taubashiyata Lauya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da aikin kotu. Mu nan kalau muke, in ban da hawan jinin Baba da ya ɗan motsa ya kuma kwanta. Matata na gaishe ki, ta ce tun da kika koma can nesa kin mai da mu 'yan gaisuwar waya.

Kin san ni da waya. In na ɗaga sai in yi ta "lafiya lau, lafiya lau" har kati ya ƙare ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, don wannan maganar ba ta lafiya lau ba ce.

Na san Gwaggo ta ba ki labarin abin da ya faru a rukunin shagunan da nake kula da su. Ran Asabar da yamma, lokacin da ginin ya fi cika, man suya ya kama da wuta a kicin ɗin gidan abincin da ke bene. Wutar ba wata wuta ba ce, masu girkin sun kashe abarsu kafin 'yan kwana-kwana su iso. Hayaƙin ne ya yi ɓarna. Ƙararrawa ta ɗauka, lif ya tsaya, mutane suka ruɗe. Masu gadi sun yi abin da aka koya musu, suka nuna wa jama'a ƙofar gaggawa da ke ƙarshen lungun bayan shagon takalma. A bakin ƙofar nan kuwa teburin yake, da jakunkunan makaranta da safunan yara a jere a kai. Ƙofar ba a kulle take ba, wannan zan iya rantsuwa a kai. Amma teburin ya cinye rabin hanya. Da aka turu sai ya kife ya tokare ƙofar.

Tsohon nan mai gyaran agogo, mai ɗan shago kusa da matakala, shi ya faɗi aka bi ta kansa. Ƙugunsa ya karye. Ni na ɗauke shi a kafaɗa na sauko da shi, bai fi nauyin yaro ba. Mai teburin kuwa ba ta ji ciwo ba, ki kwantar da hankalinki, tana gida, sai dai ba ta iya barci.

Yanzu hukuma ta kafa kwamitin bincike. Lauyan masu ginin ya kira ni ofis ya tambaye ni ko akwai takardar haya ko ta izini da aka ba teburin. Na ce babu. Sai na ga ya saki fuska kamar na yi masa albishir. Ya ce to shi ke nan, mai teburin ce ta kafa kanta da kanta. Ya nuna min cewa in ya tabbata da sanin ofishinmu aka tare hanyar, inshora ba za ta biya ba, ana iya janye lasisin ginin, ni kuma da nake manaja ni za a fara kamawa.

Yadda teburin ya zo wurin, ke ma kin sani, ba sai na maimaita ba. Ki gaya min abin da zan ce a gaban kwamiti. Abinci ba ya shiga min.

Yayanki,
Manaja

*

Yaya Manaja,

Na sami wasiƙarka, ina amsa gaisuwa. Allah ya ƙara wa Kawu lafiya, ka ce masa ya rage gishiri da faɗa. Inna ta ce min dai an yi 'yar gobara a wurin aikinka, ba ta ƙara komai ba. Ashe abin ya kai haka. Allah ya ba tsohon lafiya.

Yadda tebura ke zuwa ai na sani. Ko'ina haka 'yan tebur suke, yau su aje kwali, gobe benci, jibi ka tarar sun yi gida. Bari in yi maka magana ta aiki, ka aje taubasantaka a gefe.

Duk wanda ya shigo ginin nan, lafiyarsa tana wuyan masu ginin da wanda suka ɗora a kai, wato kai. Hanyar fita ta gaggawa ba ta da wani aiki sai zama a buɗe. Saboda haka ba za ka fita fes ba, za a ce ka yi sakaci da ba ka sa an ɗauke teburin ba. Amma doka tana bambanta wanda abu ya wuce masa da wanda ya ba da izini da bakinsa. Na farko ana ja masa kunne, ko ya rasa ƙarin girma. Na biyu yana iya tsayawa a gaban alƙali. Tun da babu takarda, kana cikin na farko.

A gaban kwamiti kada ka yi ƙarya, kada kuma ka yi musu kyautar magana. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, ka ja bakinka. Na san halinka, in aka tambaye ka ƙarfe nawa sai ka ba da tarihin agogon. Ka kuma rage zaryar asibiti, don ban-haƙurin da za ka yi da kyakkyawar niyya ana iya kawo shi a matsayin amsa laifi.

Mai teburin kuma ta nemi nata lauyan. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Kai tun muna yara matsalarka ke nan, tausayi ya yi maka yawa, ka ɗauki kayan wani ka aza a kanka. Kana da iyali, Kawu ma kai yake kallo. Ka ci abinci.

Ƙanwarka,
Lauya

*

Lauya,

Muna lafiya. Baba ya ji saƙonki.

Na yi yadda kika ce. Shugaban kwamitin ya tambaye ni ko na taɓa sa hannu a wata takarda da ta ba teburin izini. Na ce a'a. Gaskiya ce, kuma ban taɓa faɗin gaskiyar da ta yi min ɗaci a baki irin wannan ba. Bai ƙara tambaya ba, ni ma na ja bakina. Lauyan masu ginin har da dafa min kafaɗa a bakin ƙofa.

Washegari 'yan sanda suka je gida suka tafi da Uwar-biyu. Ta wuni a kan benci a ofishinsu, sai da Baba ya je ya tsaya mata aka sake ta. Za a tuhume ta da tare hanyar gaggawa ba da izini ba, da jawo wa mutum rauni.

Na karanta wasiƙarki har ta fara yagewa a ninki. Na san aikinku yana busar da zuciya, amma ban taɓa zaton za ki kira yayarki, uwa ɗaya uba ɗaya, da "mai teburin" ba, har ki ce ta nemi nata lauyan. Da wane abin za ta neme shi, da safunan da aka tattake?

Tun da kin manta, bari in tuna miki. Da mijinta ya rasu ke kika ce min, ni da nake da gini guda a hannu, in samo mata inda za ta riƙa juya 'yan kuɗinta ta riƙe yaran. Babu shago a ƙasa, ko da akwai ba ta iya haya. Na zaga ginin na ga lungun nan, ba mai bi ta cikinsa sai masu shara. Na ce wa masu gadi 'yar'uwata ce, a bar ta. Ban yi takarda ba don takarda na nufin haya, kuma masu ginin ba za su yarda da wurin ba. Duk ranar da jami'an hukumar kashe gobara za su zo duba gini, da sassafe nake sa a shigar da teburin sito, in sun tafi a fito da shi. Har dariya muke yi, ita tana ce wa ranar hutun gwamnati.

Asibiti kuma ban daina zuwa ba, a nan na saɓa miki. Ban ba shi haƙuri ba, ba ya ma ba ni dama. Da ya gan ni sai ya kama hannuna ya ce wa na gadon kusa ga wanda ya cece shi, ya yi ta sa min albarka. Ina tsaye ina cewa amin kamar ɓarawon da aka ba ajiya.

In haka doka ta ce, to na bi doka. Amma kada ki sake ce min in ci abinci.

Manaja

*

Yaya,

Ban san ta inda zan fara gaisuwa ba. Wallahi ban sani ba. Ban san Yaya Uwar-biyu ce ba.

Da na gama karanta wasiƙarka na kira Inna. Sai ta fashe da kuka, wai sun haɗa baki kada a gaya min don ina da manyan shari'u a gabana, kada hankalina ya rabu. Ita Yayar ce ma ta hana. Na koma na ɗauko wasiƙarka ta farko, ga shi nan ka rubuta in kwantar da hankalina ba ta ji ciwo ba. Wa ake ce wa ya kwantar da hankali a kan baƙuwa? Ni da ake biya don in karanta abin da ke tsakanin layi, na bi ta kansa na wuce, ina sauri in nuna maka na iya aiki.

Abin da ya fi ci min rai shi ne ban taɓa tambayar inda ka aje ta ba. A raina wani ɗan shago ne a ƙasa. In na kira ta sai ta ce kasuwa alhamdulillahi, ni kuma in ji sanyi an sauke min nauyi, in wuce zuwa wata hira. Na ɗora maka ita na juya baya, sannan da abin ya fashe na ba ka wuƙar da aka yanka ta da ita. Wannan nawa ne, ba zan raba shi da kowa ba.

Amma kai ma sai na faɗa maka, ko za ka ji haushi. Me ya hana ka rubuta sunanta ƙuru-ƙuru? Kunya ce ta sa ka yi ta kewaye, ka bar ni in cika maka sauran. Sannan maganar shigar da tebur sito ranar duba gini, Yaya, ka san abin da ka rubuta kuwa? Wanda ya ɓoye abu ya san haramun ne. Duk abin da na gaya maka a kan sakaci ya rushe, kana cikin kashi na biyu tsundum. Kuma masu gadin da suke ɗaukar teburin suna da baki.

A matsayin lauya ba zan ce ka je ka tona kanka ba, don aikinka zai tafi, wataƙila har da 'yancinka. A matsayin ƙanwarta ba zan ce ka yi shiru ba. Abu ɗaya na tabbata da shi, lauyan da ya dafa maka kafaɗa ginin yake karewa, ba kai ba. Ka nemi naka kafin ka sake buɗe baki. Ka amsa min da wuri, don Allah.

Ƙanwarka

*

Yaya,

Ina fatan lafiya. Shiru ya yi yawa. Na kira wayarka tana ta ƙara ba ka ɗauka, matarka kuma ta ce ka fita, ko da yaushe ka fita. In fushi kake da ni ka yi, na cancanta, amma ka yi shi da baki. Inna ta ce kwamiti zai sake zama kuma an kira Yaya Uwar-biyu. Na nemi izini a wurin aiki ba a ba ni ba tukuna. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Ƙanwarka

*

Taubashiyata,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya, Baba ma da sauƙi. Wasiƙunki biyu sun iso. Ba fushi ba ne. Na yi miki mummunar fahimta, na ɗora miki taurin zuciyar da ba naki ba, kunyar wannan ta haɗu da waccan ta hana ni ɗaukar waya. Ki yafe min.

Lauyan da kika ce in nema na nema. Mutumin kirki ne, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce in je zaman in zauna a baya, kada in ce uffan sai ya shirya. Na yi niyyar bin maganarsa, Allah ya sani.

An yi zaman a ɗakin taron da ke saman ginin namu, wanda ni na sa aka yi masa fenti bara. Aka shigo da Uwar-biyu. Ta rame, ta sa mayafinta na fita unguwa, ta riƙe jaka a cinya da hannu biyu. Shugaban ya tambaye ta a hankali wa ya ba ta wurin. Ta ce ba kowa, ita ta ga fili ta aje kayanta. Ya ce manaja bai taɓa ganinta ba? Ta ce manaja mutum ne mai aiki da yawa, ina zai san da 'yar tebur. Ya tambaye ta ko ta san ni. Ta juyo ta dube ni kamar yadda ake duban mai sayar da kati a titi, ta ce tana dai ganina daga nesa.

Matar da ta goya ni ke nan. Ban san lokacin da na miƙe ba. Lauyana yana jan rigata, na ce ranka ya daɗe, 'yar gwaggona ce, ni na kawo ta, ni na zaɓi lungun, ni na hana a yi takarda. Na faɗi maganar sito ma, tun kafin masu gadi su riga ni. Kin ce in aka tambaye ni ƙarfe nawa nakan ba da tarihin agogo. To ranar ko tambayata ba a yi ba.

A matakala ta tare ni. Na zaci kuka za ta yi, ashe faɗa ne. Ta ce, "Sau ɗaya na yi ƙarya a rayuwata, ka tashi ka watsa min ita a gaban mutane. Ni me nake da shi da za a ƙwace? Kai fa, wa zai riƙe gidanka da na Kawu?" Ta wuce ta bar ni, har yau ba ta amsa sallamata.

Kafin la'asar an karɓi makullai da katin aikina. Masu ginin sun fitar da sanarwa cewa na ci amanarsu, kuma ba su yi ƙarya ba. Ƙofofin gaggawa yanzu an share su tas, an ja jan layi a ƙasa. Aikin rabin wuni ne, wanda na yi shekaru ban yi ba.

Na je na gaya wa tsohon. Likita ya riga ya ce masa ba zai sake hawa bene ba, shagonsa kuwa a bene yake. Ya saurare ni bai katse ni ba. Da na gama ya zare hannunsa daga nawa a hankali ya mai da shi cikin bargo, ya ce yana son ya ɗan kwanta. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni.

Ba a janye tuhumar da ake wa Uwar-biyu ba, an dai haɗa ni a ciki, har an ƙara mata da maganar ƙarya ga kwamiti. Kin ga gyaran da na yi. Za a kai mu kotu tare. Gwaggo ta ce kin sami izini kina tafe, wai za ki tsaya mana mu biyu. Hankalin Baba ya kwanta da jin haka.

Yayanki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwa, na kuma gode wa Allah da jin kuna lafiya. Babu abin yafewa tsakaninmu, ko akwai ni ce mai nema.

Na karanta abin da ka yi a gaban kwamiti. Lauyan da ke cikina ya dafe kai, ƙanwarka kuma ta yi kuka a ofis har abokiyar aikina ta rufe ƙofa. Ka saɓa wa shawarata da ta lauyanka, kuma ban isa in ce ka yi kuskure ba.

Ina tafe, amma akwai abin da Inna da Kawu ba su gane ba, gara ka ji shi daga gare ni. Ba zan iya tsaya muku ku biyu ba. Ƙa'idar aikinmu ta hana lauya ɗaya ya kare mutum biyu in kuɓutar ɗaya tana nufin nutsewar ɗayan, ku kuwa haka kuke. Hanyar da za ta fitar da ita guda ce, a nuna wa kotu cewa mace ce da ba ta san dokar gini ba, wanda ginin ke hannunsa ya nuna mata wuri ya ce ta zauna, ta zauna. Duk abin da na sauke daga kanta, a kanka zai sauka.

Na kwana biyu ina juya abin. Kai kana da lauya, kuma nagari ne, na bincika. Ita ba ta da kowa, ga yara. Ita zan tsaya wa. Na san da ni na jefa ku a ramin nan ku biyu, yanzu kuma zan taka kafaɗarka in ciro ta. Ban san sunan da zan kira wannan da shi ba, ba na kuma neman ka ce min ba komai.

Daga yau ba zan sake rubuto maka ba sai an yanke hukunci, kai ma kada ka rubuto. In mun haɗu a gidan Kawu mu gaisa kawai. Ka ba lauyanka wasiƙun nan duka ya gani, har da wadda ta nuna wautata.

Ranar shari'a za ka shiga akwatin shaida, ni zan tashi in yi maka tambayoyi. Zan tambaye ka wa ya zaɓi lungun, wa ya hana takarda, wa yake sa a ɓoye teburin. Ba zan sassauta ba, don in na sassauta ita za ta biya. Ka amsa min yadda ka amsa wa kwamiti. Kuma ka yi haƙuri, ranar ba zan kira ka Yaya ba.

Ƙanwarka